RAM ne ko fawa? Amsa ga ɗan'uwan da sabuwar kwamfutarsa ke mutuwa tana tashi

Salamu alaikum ɗan'uwa. Tun bayan azahar na ga tambayarka, na bari sai na dawo daga aiki in amsa a tsanake. Ga yadda na fahimce ta, in na yi kuskure ka gyara mini. Ka harhaɗa kwamfutar tebur da hannunka a nan Jidda: furosesa Ryzen 5 7600 a kan madabod B650, RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) DDR5 sanda biyu mai gudun 6000, katin hoto RTX 3070 na hannu, sai fawa safilai (akwatin da ke raba wa kayan kwamfuta wuta) mai wat 650 da ka ciro daga tsohuwar kwamfutarka. In ka kunna, fankoki su juya, ta mutu, ta sake tashi da kanta har sau uku ko huɗu, wata 'yar fitila ruwan ɗorawa na ci a gefen madabod. In ta samu ta shiga Windows kuma, can sai shuɗin allo, yau wannan rubutu gobe wancan. Mai shago ya ce fawa ce, ka zo ka sayi mai 850. Abokinka ya ce RAM ne. Kana son sanin wanne za ka canja.

Kada ka canja ko ɗaya tukuna. Mai shago ba lallai ƙarya yake ba, amma a wurinsa faɗuwa ce ta zo daidai da zama, tunda fawar tana kan kantarsa. Abubuwan nan biyu kowanne da irin mutuwar da yake jawo wa kwamfuta, kuma in ka zauna ka lura da yadda take mutuwa, rabin aikin ya ƙare.

RAM in ya samu matsala, kwamfuta ba ta mutuwa shiru, sai ta yi ƙorafi. Windows na raye a lokacin, ta je ɗauko abin da ta ajiye ta tarar ba haka ta ajiye shi ba, sai ta tsayar da komai ta rubuta dalili. Shi ya sa kake ganin shuɗin allo (a sababbin Windows 11 ya koma baƙi, amma rubutun na nan a ƙasa). Rubutun da aka fi gani su ne MEMORY_MANAGEMENT, IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL da PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA. Abin da ya fi jan hankalina a bayaninka shi ne rubutun na canjawa. Da direban wata na'ura (manhajar da ke sarrafa ta) ce ke da laifi, kusan kullum suna ɗaya za ka riƙa gani. RAM mai tangarɗa kuwa ba ya zaɓe, duk wanda ya ajiye kaya a wurin da ya lalace shi ne zai faɗi, don haka yau a zargi wannan gobe a zargi wancan. Kuma ba shi da lokaci: kana karanta saƙo kawai, ba wasa ba komai, sai ta tafi. Wani lokaci ma ba ta faɗuwa gaba ɗaya, sai shafin burauza ya rufe kansa, ko ka kwance fayil ɗin zip ya ce maka ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau.

Fawa ita ba ta sallama. Kamar an zare waya daga bango, allo ya yi baƙi ɗif, sauti ya ɗauke, wani lokaci ka ji ɗan ƙas daga cikinta. Windows ba ta samu ko ƙiftawar ido ta rubuta komai ba. Kuma tana da lokacinta: sai an ɗora mata nauyi. Ka buɗe wasa, katin hoto ya buƙaci wuta da yawa a take, fawar ta ga abin ya wuce ƙarfinta ko ta ɗauka wani abu ya haɗe, sai ta yanke don kare kanta. Katunan RTX 3000 sun yi suna a wannan, suna zabura su ja fiye da abin da aka rubuta musu na ɗan lokaci ƙanƙani, kuma tsofaffin fawa ba sa jure haka. Wannan na cikin dalilan da ƙa'idar ATX 3.0 ta 2022 ta wajabta wa manyan fawa jure ninki biyu na ƙarfinsu na tsawon maikurosakan 100.

Akwai wurin da za ka duba ka raba gardama. Buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, ka nemi Kernel-Power mai lamba 41. Mutane da yawa suna ganin kalmar Power sai su ruga shago, alhali abin da rubutun ke nufi kawai shi ne kwamfuta ta mutu ba a kashe ta yadda ya kamata ba, ko me ya kashe ta. Shiga cikinsa ka duba BugcheckCode. In akwai lamba, Windows ta yi magana kafin ta faɗi, kuma galibi za ka tarar da ɗan fayil a C:\Windows\Minidump. In sifili ne kuma ba fayil, to an katse ta ne ba shiri, zargi ya fara karkata ga wuta.

Yanzu batun mutuwa da tashi kafin hoto ya fito, nan ne na fi son ka natsu, don nan sababbin masu harhaɗa AM5, wato dandalin AMD da furosesarka ke kai, ke firgita a banza. Tun da dandalin ya fito a Satumbar 2022 aka san shi da wannan hali: duk lokacin da aka sa sabon RAM ko aka canja masa gudu, madabod sai ya zauna ya yi ta gwada sigina tsakanin furosesa da sandunan har ya samo saitin da ke tafiya. Allo baƙi, fitilar DRAM na ci, minti biyu, uku, wani lokaci fiye. Mutum ya ƙosa ya danne maɓalli ya kashe, aikin ya koma farko. In gwajin ya ci tura, madabod da kansa yake kashewa ya sake gwadawa, sau da yawa daga ƙarshe ya koma gudun asali. Wato irin zagayen da ka bayyana ke nan, har da fitilar. Ka duƙa da tocilan ka karanta rubutun da ke gefenta, fitilun huɗu ne a jere: CPU, DRAM, VGA, BOOT. Launi kan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, rubutun ne abin dogaro.

Zagayen da fawa ke jawowa daban yake. Fanka ta ɗan motsa rabin sakan, komai ya ɗauke, ko fitilun ba su kai ga jeruwa ba. Wannan yawanci ko wani abu ya haɗe, misali ƙafar ƙarfe ta akwati da aka bari a inda babu rami tana taɓa bayan madabod, ko wayar CPU mai baki 8 da ke can saman kusurwa ba ta shiga har ta yi ƙas ba. Ka kuma tabbata wayar da aka rubuta wa CPU ce a wurin, ba ta PCIe mai 6 da 2 ba. Sun yi kama, amma jerin wutarsu ba ɗaya ba ne.

Lambar 6000 ɗin nan da ke jikin kwalin RAM, ka sani ba gudun da AMD ta lamunce ba ne. A hukumance Ryzen 7000 na tsayawa a 5200 da sanda biyu, sandunan kuma in ba a taɓa komai ba galibi a 4800 suke tashi. Kunna EXPO ko XMP, saitin da ke kai RAM gudun da ke jikin kwali, a BIOS (shafin saitin madabod), tura su ne sama da ƙa'ida. Yawancin furosesa na ɗauka lafiya, shi ya sa kowa ke sayen 6000, amma ba duka ba, musamman a kan tsohon BIOS. Madabod ɗin da ya daɗe a kwali a shagunan titin Khalid bin Walid na iya zuwa da BIOS na shekarar da aka ƙera shi. Sabunta shi ba kwalliya ba ce: bayan ƙonewar wasu furosesa 7000X3D a Afrilun 2023, AMD ta ƙayyade wutar SoC, wani sashe na cikin furosesa, kada ta wuce volt 1.3, kuma gyare-gyaren da suka biyo baya sun inganta zaman DDR5 sosai.

Ta ɓangaren lissafi kuma, maganar mai shago ba ta da ƙarfi. RTX 3070 wat 220 ne, 7600 ba ya wuce 88 in ba a buɗe masa ba, ka ƙara madabod da fankoki da SSD, da ƙyar ka taɓa 400. Nvidia da kanta 650 ta ba da shawara ga katin. Saboda haka girman fawarka ba shi ne abin tambaya ba. Shekarunta da ingancinta su ne, don fawar da ta sha zafin Jidda da ƙura shekara da shekaru ba ita ce ta ranar da aka saye ta ba.

Inda biyun suka fi bambanta a wurina shi ne kuɗin bincike. Gwajin RAM ko halala ba ya ci. Zare wayar bango, cire ɗan batirin CR2032 na kan madabod na minti kaɗan ko ka haɗa bakin Clear CMOS da sukundireba, komai ya koma asali, EXPO a kashe. Bar sanda ɗaya a rami na biyu daga furosesa, wanda ake kira A2. Danna ta da babban yatsa har ka ji ƙas a kowane gefe. DDR5 na da taurin shiga, sau da yawa gefe ɗaya ne ke zama ɗaya na lilo. Kunna ka tafi ka haɗa shayi, kada ka taɓa ta minti biyar. In ta tashi, gwada ɗaya sandar ita kaɗai, sannan duka biyu a A2 da B2. Daga nan ka sa MemTest86, manhajar gwada RAM, a filasha ka bar shi ya kwana yana zagayensa huɗu. Kuskure ɗaya tak ya isa hujja. In a 4800 ba kuskure amma a 6000 ja ya cika allo, sandunan lafiya suke, saitin ne: sabunta BIOS, in ya ƙi ka sauko 5600, ba za ka ji bambanci a aikin yau da kullum ba. In ko a 4800 ɗin ma sanda ɗaya na kuskure a kowane rami, ɗauki fatura, wato rasiti, ka mayar da su duka biyu, don tare aka gwada su aka sayar. In kuwa kowace sanda na aiki a A2 amma B2 ya ƙi duka, RAM ya fita daga zargi. Sassauta sukurorin mai sanyaya furosesa, in bai yi ba ka ɗaga furosesar ka haska soket, ƙusoshi 1718 ne siraran gaske, ɗaya ya lanƙwashe ya isa ya kashe layin RAM guda.

Fawa ba ta da irin wannan gwaji mai yanke hukunci a gida. Dabarar haɗa koriyar waya da baƙa da ɗan ƙarfe tana nuna maka fawar na kunnuwa ne kawai, ba ta nuna ko za ta ɗauki kaya ba. HWiNFO, manhajar duba wuta da zafin kwamfuta, zai nuna maka layin volt 12, in ka ga yana sauka ƙasa da 11.4 lokacin wasa to akwai magana, amma zaburar da ke kashe kwamfuta ta fi ƙarfin idon manhaja. Kuma don Allah kada ka kwance ta, tana riƙe wuta ko an zare. Sa'arka ɗaya: 7600 na da nasa ɗan katin hoto a ciki. Cire RTX ɗin gaba ɗaya, maƙala wayar allo a bayan madabod. Ka sauke wa fawa fiye da rabin kayanta ke nan. In shuɗin allo ya ci gaba a haka, ka bar fawa ta huta da zargi.

Abu ɗaya da bayanan intanet ba za su faɗa maka ba, don ba su san gidajenmu ba. Bara na haɗa wa ɗan yayata kwamfuta a wani tsohon gida wajen Shari' Mansur a Makka. A wurina ta kwana biyu tana aiki ba ko tari, a ɗakinsa kuma sai ta riƙa ɗaukewa ba sallama. Na canja RAM, na kawo wata fawar, duk a banza. Ina zaune a ƙasa na rasa abin yi, sai na ji mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) ɗin taga ya yi gurnanin tashi, fitilar ɗaki ta ɗan dushe, allo ya mutu a daidai lokacin. Na bi waya, ashe kwamfutar na kan wata tawsila (wayar ƙarin soket) mai araha da ta yi baƙi-baƙi a baki, a layi ɗaya da mukayyif. Fawa na iya riƙe kwamfuta kimanin milisakan 16 ne kawai in wuta ta yi ƙasa, bayan nan sai ta saki. Muka jawo ta wani soket na daban, magana ta ƙare. Tun 2010 aka yanke shawarar mayar da Saudiyya kan volt 230, amma tsofaffin gidaje har yanzu akwai masu soket ɗin 127, wanda muke ce wa 110, gefe da gefe da na 220. Karanta takardar jikin fawarka: in 100 zuwa 240 aka rubuta ba damuwa, amma akwai masu araha da 200 zuwa 240 kawai suke karɓa.

A abin da ka faɗa, fitilar da nake zaton ta DRAM ce, zagaye uku zuwa huɗu, rubutu mai canjawa, ni abokinka na fi bai wa gaskiya, kuma ko shi ina zaton saiti ne ko zaman sanda, ba lalacewa ba. Fara da kashe EXPO yau da dare. In ka gama duk wannan ta koma mutuwa ɗif sai an buɗe wasa, ina da fawa 750 a ajiye, ka zo bayan isha ranar Juma'a ka ara ka gwada kafin ka kai wa mai shago riyal ɗinka. Zan haɗo maka da wayoyinta, su kaɗai za ka yi amfani da su. Na tsohuwarka ko sun shiga ramin daidai kada ka soka, jerin wutar kowane kamfani daban ne, kuma SSD ne ke fara ƙonewa.