Gargaɗi ga masu gyara: hattara da dogon kebul ɗin USB da ake tallatawa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu gyaran waya da kwamfuta, da makanikai masu duba mota da na'ura. Akwai wani mai talla a Facebook da WhatsApp da ke sayar da kebul ɗin ƙarin tsawo na USB, mita 10 da mita 15, yana cewa USB 3.0 ne mai ƙarfafa sigina. Ƙarya ce. Na yanka wanda aka kawo shagonmu, na ga cikinsa da idona.

Ƙa'idar USB 2.0 ta tsayar da tsawon kebul a mita 5. Shi kuwa USB 3.0, da yake gudunsa ya kai gigabit 5 a daƙiƙa, da wuya ya yi aiki lafiya in ya wuce mita 3. Duk abin da ya fi haka sai da IC a ciki, wato ɗan guntun lantarki mai sabunta siginar. To, ƙullutun da ke tsakiyar kebul ɗin mutumin nan, inda ya kamata IC ɗin ya kasance, roba ce zalla, ko ɗan allon lantarki babu. An dai shafa wa bakin shuɗin launi, amma in ka leƙa za ka ƙirga haƙora 4, alhali na 3.0 na gaskiya 9 ne. Zaren ciki siriri ne ƙwarai, kuma da na kankare shi sai ya yi fari: alminiyon ne aka lulluɓe da jan ƙarfe. Babu ma ragar kariyar da ke tare hayaniyar lantarki.

Dabararsa ita ce bidiyon gwaji. Zai jona linzamin kwamfuta, ya motsa, ka ga yana aiki. Linzami ai ba ya cin wuta sosai, saƙonsa kuma kaɗan ne, zai iya lallaɓawa ko a kan mummunar waya. Na'urar gwaji ba haka take ba. Tashar USB bolt 5 take bayarwa, kuma osiloskof na USB (na'urar auna siginar lantarki) ko akwatin filashin (na'urar rubuta wa waya manhaja) na jan wuta sosai, sai wutar ta zube a hanya kafin ta isa. Nan za ka ga na'ura ta bayyana ta ɓace, Windows ta ce ba ta gane ta ba, karatu ya tsaya ana tsakiyar awo. Abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne yankewa ana cikin rubuta manhaja a wayar kwastoma ko a kwakwalwar mota. Kayan mutane ne, amana ce, kuma kai za ka biya.

In ka koma da ƙorafi sai ya ce direba ne, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura, ba ka saka daidai ba, ko tashar laftof ɗinka ce ta mutu. Daga nan ya toshe lambarka.

Kada ku tura kuɗi kafin kaya su zo hannu. Ku gwada da ainihin na'urar da za ku yi aiki da ita, ku bar ta tana aiki na ɗan lokaci. Ku buɗe Device Manager, wurin da Windows ke jera na'urorin da aka jona: kebul mai IC yawanci yakan fito a matsayin ƙarin hub (na'urar raba tashar USB), in ba abin da ya ƙaru, ku yi shakka. Wanda motar ke masa nisa da tebur, ya ɗauki laftof ya matsa kusa da gajeren kebul ɗin da ya zo da na'urar, ko ya sa hub mai wutar kansa.

Don Allah a tura wa yaran shago, su aka fi aika sayen kebul.