Bin Mota da Jita ko Zaman Birnin Kebbi: Amsa ga Ƙanenmu na Jega

Ƙanena na Jega, ka ce shekararka uku kana kaɗa jita, ga shi wata ƙungiyar makaɗa ta nemi ka bi ta yawon wasa na wata biyu bayan Sallah, daga Argungu zuwa Yauri, wataƙila har Dosso. Ga kuma wani mai studiyo a Birnin Kebbi da yake son ka zauna wurinsa, ku yi rikodin, ku je bukukuwan cikin gari. Ka tambaya wanne ya fi. Na ɗanɗana duka biyun, don haka bari in jera maka su.

Daren wasa ba shi da wuyar ƙauna. Awa biyu ko uku ne, fitila a kanka, ana liƙi, mata na guɗa. Amma a wata biyun nan, ba kullum za ka kaɗa ba, akwai ranakun da za ka zauna jira. Biki a ƙasarmu yakan faɗo daga Alhamis zuwa Lahadi. To Litinin, Talata da Laraba fa? Kana garin da ba naka ba, cikinka bai san babu wasa ba, ɗakin da kuka sauka kuma mai shi na ƙirga kwana. Wanda ya zauna Birnin Kebbi, waɗannan ranakun nasa ne: ya kwana gida, ya ci tuwon gida, in yana da shago ya buɗe. Saboda haka kafin ka ce wa shugaban ƙungiyar to, ka tambaye shi a gaban mutum biyu: ranar da babu wasa, wa zai ciyar da ni, wa zai biya masauki? Ka tambayi kasonka a kuɗin liƙi da kuma kuɗin da mai biki ya biya, don galibi ba rabo ɗaya ake musu ba. Ka nemi kafin alƙalami ka bar wa gida. Kunya a wannan wuri ita ke sa yaro ya dawo da jita a baya, aljihu fayau.

Na taɓa kwana huɗu a Yauri muna jiran wani biki da aka ɗaga saboda rasuwa a gidan amarya. Babu laifin kowa, ikon Allah ne. Mu bakwai a ɗaki ɗaya, fanka ba ta juyawa. Da safe mu sha koko da ƙosai a bakin tasha, da rana in sauka gaɓar kogi in zauna ƙarƙashin itace ina kallon masu kwale-kwale, jita a cinya ba a haɗa ta da komai ba, ina maimaita sauti ɗaya har yatsuna su yi zafi. Mai kalangunmu, dattijo ne daga wajen Gwandu, shi ya zauna kusa da ni ya koya mini yadda zan bar wa kalangu fili ya yi maganarsa, in daina cika kowane gurbi da kiɗa. Wannan darasi ban same shi a studiyo ba, kuma ba na jin zan same shi, domin a can kwamfuta ke riƙe da amo, kai ka shiga ka fita.

Nan ne hanya ta fi zaman gari nesa ba kusa ba. Studiyonmu na Arewa fiyano ke mulki a cikinsa. Mai haɗa sauti na iya fitar da muryar jita daga fiyanon ba tare da ya kira ka ba, in ma ya kira ka, 'yar gaɓa ce za ka cike ka koma benci. Hannu yakan yi sanyi a haka. A kan hanya kuwa kullum kana gaban mutanen da ba su san ka ba. Abin da ya tayar da 'yan rawa a Argungu ba lallai ya motsa mutanen Kamba ba, inda kunne ya saba da kiɗan Zabarmawa da Dandawa. Dole ka buɗe kunne, kuma wata biyu na haka ya fi shekara a ɗaki.

Sai maganar ita jitar kanta, wadda ba kowa ke gaya maka ba. Itace ce, tana jin yanayi kamar mutum. Zafin Maris da Afrilu a Kebbi yana wuce digiri 40, in ka bar ta a bayan mota ko a saman kaya cikin rana, wuyanta na iya lanƙwasa, saitinta ya gudu. Hunturu na busar da ita har bakin ƙarafunan wuyan su riƙa kartar yatsa. Damina kuma tsatsa take kawo wa tsirkiya, balle ga gumin hannu. Ka riƙe ta a jikinka cikin mota ko da za a ce ka biya mata kujera. Ka tafi da tsirkiya saiti uku aƙalla, da ƙarin ta farkon nan siririya, don ita ce mai yawan tsinkewa, kuma ba za ka same ta a kasuwar ƙauye ba. Ka riƙe wayar haɗi biyu, da batir mai volt 9 na na'urar saiti, da ƙyalle na goge tsirkiya bayan kowane wasa. Amfilifaya kuma, wato na'urar ƙara sauti, kada ka yarda a soka ta kai tsaye a janareton mai biki ba tare da sitabilaiza ba. Na ga wadda ta yi hayaƙi tun kafin ango ya iso. Mai zaman gari duk wannan damuwar rabinta yake ɗauka, don kayansa na ɗaki ɗaya, mai gyara kuma na bayan layi.

Tsaro ma ba abin ɓoyewa ba ne. Kowa ya san halin da wasu hanyoyinmu suke ciki, musamman ta ɓangaren Zuru da kuma in za a shiga Zamfara. Ƙungiyar da ke tashi daga filin wasa ƙarfe biyun dare ta kama hanya don tsimin kuɗin masauki, kada ka bi ta. A kwana, a yi asuba, a tashi da hantsi. Tsallaka iyaka kuma yana da nasa. Mdou Moctar, makaɗin jitar nan na Nijar da duniya ta sani, yana yawon wasa a Amurka aka yi juyin mulki a ƙasarsa a Yulin 2023, shi da abokan kiɗansa suka maƙale can na wani lokaci. Iyakarmu da Nijar ma an rufe ta bayan juyin mulkin, sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. In za ku Dosso, ka tafi da takardunka cikakku, ka ware 'yan sefar da za su dawo da kai gida ko da ƙungiya ta watse, ka ɓoye su inda ba aljihun wando ba.

Wajen iyali, zaman gari ya yi nasara ba gardama. Suna, jana'iza, rashin lafiyar tsohuwa, duk a waya za ka riƙa jin su. Kai da ba ka yi aure ba tukuna nauyin ya fi sauƙi, shi ya sa ma nake ganin yanzu ne lokacinka.

Ni dai da ni ne kai, zan je wurin mai studiyon in gaya masa gaskiya, in roƙe shi ya ajiye mini gurbi zuwa faɗuwar damina, lokacin da bukukuwan karkara ke ja baya kowa ya koma gona. Sannan in bi motar wata biyun, muddin shugaban ya amsa tambayoyin nan a gaban shaidu, kuma mahaifina ya sa albarka. In shugaban ya fara kame-kame a kan abincin ranar Talata, ka ɗauki jitarka ka hau motar Birnin Kebbi.