Gargaɗi kan masu sayar da tsohuwar na'urar numfashin barci da sunan sabuwa

Assalamu alaikum. Daga cikin birnin Katsina nake wannan rubutu, bayan makonnin da muka shafe muna jinyar kawuna sakamakon wata na'ura da muka saya masa da kuɗinmu, muna zaton sauƙi muka kawo masa gida. Na'urar ita ce wadda likitoci ke kira CPAP, wadda ake rubuta wa masu fama da ɗaukewar numfashi a cikin barci. Mutumin da ya sayar mana da ita har gobe yana tallar irinta a Facebook da zaurukan WhatsApp, sai dai ya sake sunan shafinsa da lambar wayarsa, don haka faɗin sunan da ya zo mana da shi ba zai tsare kowa ba. Salon damfararsa ne ba ya canzawa, kuma shi nake son jama'a su gane.

Kawu tsohon malamin makaranta ne, ya haura shekara 60, yana da jiki, kuma minsharinsa ba baƙon abu ba ne a gidan. Matarsa, wadda muke kira Inna, ita ce ta fara lura cewa abin ya wuce minshari, domin yakan yi tsit kamar numfashin ya yanke, sai can ya zabura da ƙara irin ta wanda aka shaƙe, sa'an nan ya ci gaba da barci bai san abin da ya faru ba. Da safe ya tashi da ciwon kai, da rana gyangyaɗi ya kama shi a majalisa ko ana tsakiyar huɗubar Juma'a, hawan jininsa kuma ya ƙi sauka duk da maganin da yake sha a kan lokaci. Da muka kai shi wani asibiti a Kano aka yi masa gwajin barci, likita ya bayyana mana cewa naman maƙogwaronsa ne ke sakewa idan barci ya yi nauyi, ya toshe hanyar iska na daƙiƙa 10 ko fiye, iskar oksijin ta ragu a cikin jini, har sai ƙwaƙwalwa ta farkar da shi. Idan hakan ya kai sau 30 a cikin awa ɗaya ana ɗaukarsa mai tsanani, na Kawu kuwa ya wuce nan. Ciwo ne da in aka ƙyale shi yake taimaka wa hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, ban da haɗarin gyangyaɗi a kan sitiyari.

Aikin na'urar ba mai wuyar fahimta ba ne. Wani likita mai suna Colin Sullivan ne ya fito da dabarar a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, aka wallafa sakamakon aikinsa a 1981. Iskar ɗaki take zuƙowa ta wata ƙaramar matata, ta hura ta cikin tiyo zuwa takunkumin da ke kan hanci ko fuska, wannan matsin iska kuma shi ke hana maƙogwaro rufewa. Ana auna ƙarfin matsin daga 4 zuwa 20, kuma kowane majiyyaci da ma'aunin da likita ya tsayar masa. Ba injin oksijin ba ce, kuma duk wanda ya tallata ta da wannan suna, ko dai bai san kayan da yake sayarwa ba, ko yana son ya ruɗe ka.

Da muka tambayi kuɗin sabuwa sai jikinmu ya yi sanyi, domin duk daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma yana bin dala. Ana cikin haɗa kuɗi ne ƙanena ya ci karo da tallar wannan mutum, da hotuna masu kyau da kwali a gefe, a kan kuɗin da bai kai rabin na sabuwa ba. Ni da kaina na kira shi. Ya iya magana, ya san girmama mutane, kuma ya san inda zai taɓa.

"Yallaɓai, wannan ba gwanjo ba ce," in ji shi. "'Yar Landan ce, wata Baturiya ta saya ta yi kwana biyu da ita ta fasa. An wanke ta da injin kashe ƙwayoyin cuta, an saita ta, Baba ya jona kawai ya kwanta. Guda biyu suka rage, akwai wani Alhaji a Daura da ke jiran ɗaya."

Na ce ya turo mini hoton takardar da ke liƙe a ƙarƙashin na'urar, sai ya ce kayan suna sito, yaronsa kuma ya tafi da makulli. A nan ya kamata in tsaya, ban tsaya ba, saboda numfashin Kawu da dare ya hana kowa barci a gidan kuma ina ganin kowane jinkiri kamar laifi ne a kaina. Na tura kuɗin zuwa wani asusu da sunan da ke kansa ya bambanta da wanda ya gaya mini, bayan kwana huɗu direba ya kira ni in je tasha in karɓi saƙo. Babu rasiɗi, babu takardar garanti, babu littafin bayani.

Tun a daren farko Inna ta ce tana jin wani wari a cikin iskar, kamar turaren mota da aka fesa a kan tsohon hayaƙin sigari. Kawu ya ce a bar shi ya saba, domin likita ya gaya masa kwanakin farko akwai wahala. Mutumin kirki ne, ba ya son ya nuna cewa kuɗin da 'ya'yansa suka haɗa ya tafi a banza. Ya daure har kusan kwana goma, cikinsa yana kumbura da iska kowace safiya, idanunsa suna ja saboda iskar da ke tsiyaya ta gefen takunkumi, daga baya tari da kaikayin maƙogwaro suka biyo, sai zazzaɓi. Da na shiga gaishe shi na ce, "Kawu, ku yi haƙuri ku ajiye na'urar nan mu koma wurin likita," sai ya ce, "Ai ni ma na fara tsoronta."

Likita ya sa aka dakatar da ita nan take, ya ba shi maganin ciwon ƙirji, ya kuma haɗa mu da wani ma'aikaci mai kula da injinan asibiti, wanda ya duba ta a gabanmu. Abin da ya fara yi shi ne shiga wurin da na'urar ke ƙidaya awoyin da injinta ya yi yana aiki, sai ga sama da awa 11,000. In aka ƙaddara mutum yana barcin awa 7 kullum, wannan ya fi shekara huɗu, alhali manyan kamfanonin da ke ƙera waɗannan na'urori kusan shekara 5 suke yanke musu. Kwana biyun Baturiya ke nan. Matsin iskar yana kan ma'aunin wani mutum dabam, ya fi wanda aka rubuta wa Kawu nesa ba kusa ba, shi ne dalilin kumburin cikin. Matatar iska ta zama baƙa, a lungunan tankin ruwan da ke jiƙa iskar akwai fumfuna da farin gishirin ruwan famfo, cikin tiyo kuma akwai ɗigo-ɗigon datti da ba ka gani sai ka ɗaga shi wajen haske. Cajar ba ta kamfanin ba ce. Takardar ƙarƙashi, mai ɗauke da lambar na'ura da shekarar ƙira, an kankare ta ƙarƙaf.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne takunkumin. Kowane takunkumin CPAP yana da ƙananan ramuka da aka yi da gangan domin iskar da mutum ya fitar ta fice, mai rufe baki da hanci kuma yana da wani ɗan murfi da ke buɗewa idan injin ya tsaya, don mai barci ya samu iskar ɗaki. A namu, ramukan sun cushe da datti, murfin kuma ya manne. Duk wanda ke zaune a garin nan ya san yadda ake ɗauke wuta da tsakar dare, to a duba halin dattijon da ke barci da irin wannan abu ɗaure a fuskarsa.

Na kira mai kayan. Da farko ya ce ƙurar Katsina ce ta ɓata ta, daga baya ya ce in mayar masa a mota zai canza mini, da na nemi adireshin shagonsa sai ya toshe lambata.

Ya kamata a fahimci dalilin da ya sa wannan na'ura ta bambanta da firiji ko talabijin na hannu da muka saba saya. Iskar da ta bi ta cikinta huhunka take tafiya kai tsaye, dare bayan dare. Ana iya wanke tiyo da tanki da takunkumi da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi, amma fankar da ke ciki da soson da ke kewaye da ita ba sa wankuwa a gida, kuma duk hayaƙi ko ƙura ko danshin ɗakin mai ita na farko yana nan a ciki. Ba ka san ciwon huhun da yake da shi ba, ba ka san a wane sito ta kwana ba, ko wata nawa ta yi a cikin kwantena. Maganar "an wanke ta da inji" ita ma ba abin kwantar da hankali ba ce, domin a 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ja kunnen jama'a cewa ba ta amince da na'urorin da ake tallatawa don tsabtace CPAP da iskar ozon ko hasken kashe ƙwayoyin cuta ba, kuma ita kanta iskar ozon tana cutar da huhu idan ta rage a ciki.

Akwai kuma wani batu da ma'aikacin ya ankarar da mu, wanda ba na na'urarmu ba ne amma ya shafi duk mai neman ta hannu. A watan Yuni na 2021 kamfanin Philips ya yi kiranyen miliyoyin na'urorin numfashi da aka ƙera daga 2009 zuwa Afrilun 2021, ciki har da DreamStation na farko da System One, saboda soson da aka sa don rage ƙara yana iya rududdugewa, mai amfani ya shaƙi ko ya haɗiye ɓurɓushinsa. An bayyana cewa zafi da danshi da kuma amfani da iskar ozon wajen wanke na'urar suna gaggauta lalacewar soson. Na'urorin waɗannan shekaru su ne yanzu suka kai lokacin da masu su ke rabuwa da su, zafinmu na watan Afrilu da Mayu kuwa ba sai an gaya wa kowa ba. Ta takardar nan ta ƙarƙashi ake gane samfurin na'ura da shekararta, shi ya sa duk wanda ya kankare ta ko ya hana ka ganinta, akwai abin da yake ɓoyewa.

Ban ce duk mai sayar da na'ura ta hannu macuci ba ne, kuma na san akwai gidajen da sabuwa ta fi ƙarfinsu, mu ma mun shiga wannan hali. Amma idan dole ta sa, kada a fara daga kasuwa, a fara daga likita, a yi gwajin barci a karɓi ma'aunin matsi a rubuce, domin ba kowane mai minshari ne ke bukatar CPAP ba, wasu kuma wata na'ura dabam ce ta dace da su. A Amurka ma ba a sayar da ita sai da takardar likita. Kafin a biya ko sisi a ga na'urar ido da ido, ko a sa mai kayan ya kunna ta a kiran bidiyo ya nuna awoyin injin da takardar ƙarƙashi, a shinshina iskar da ke fita, in akwai warin sigari ko turare ko ruɓa a bar ta. Takunkumi da tiyo da tankin ruwa da matata kuwa ba a gadonsu, sababbi ake saya a cikin ledarsu, kuma a lissafa kuɗinsu tun farko, domin sau da yawa idan aka haɗa shi da na tsohuwar na'ura arahar takan zama ba araha ba. Bayan haka a kai ta wurin likita ko ma'aikacin asibiti ya saita ta kafin a kwana da ita. A lokacin hunturu matata kan cushe da wuri, sai an riƙa dubawa, a kuma zuba ruwa mai tsabta sabo a tanki kowane dare.

Kada a tura kuɗi gaba ɗaya ga mutumin da ba shi da shagon da za a iya zuwa, ko wanda sunan asusunsa ya saɓa da nasa, ko mai cewa saura biyu akwai wani Alhaji da ke jira. Wanda abin ya riga ya same shi ya adana hotunan tallar da saƙonnin da shaidar tura kuɗi, ya sanar da bankinsa da wuri, ya kai ƙorafi wurin 'yan sanda. NAFDAC ce ke da alhakin sa ido kan kayan aikin lafiya da ake shigowa da su ƙasar nan, FCCPC kuma ita ke karɓar koken masu sayayya. Mu mun kai namu rahoton, na'urar tana nan a cikin kwalinta mun ajiye don shaida.

Kawu ya warke daga tarin, alhamdu lillahi. 'Yan'uwa sun sake yin karo-karo, mun saya masa sabuwa daga dillali mai shago da rasiɗi da garanti, likita ya saita ta a gabansa, mun kuma jona ta da batirin sola saboda ɗaukewar wuta. Shekaranjiya wani abokina ya turo mini talla daga wani zauren WhatsApp na 'yan unguwarsu yana tambaya ko irin ta Kawu ce, domin mahaifiyarsa yake nema wa. Hotunan nan ne dai da aka turo mini, har da kwalin a gefe, sunan shafin kawai aka sake. Na kira shi nan take na hana shi tura kuɗi.