Waks ɗin fuska na cikin kwali: inda ya yi min aiki da inda bai yi ba

Waks ɗin fuska, wato kaki mai danƙo da ake sayarwa a kantunan kayan kwalliya, yana cire gashi, kuma tas yake cirewa, sai dai ba kowane gashi ba, ba kuma a kan kowace fata ba. Ni damuwata gashin baki ne, irin mai laushin nan da ba a ganinsa a madubin ɗaki sai an fita rana, da kuma 'yan tsiraru masu kauri a ƙarƙashin haɓa. Reza na saba sa musu, kwana biyu su dawo suna sukar hannu. Ba wai reza na ƙara wa gashi kauri ba kamar yadda ake yawan faɗa. Tana yanke shi ne ta tsakiya, sai bakinsa ya fito da kaushi, ga saiwar na nan daram.

Wanda nake saye na sanyi ne, ba ya bukatar wuta. Takardu ne biyu manne da juna, kaki a tsakaninsu, faɗinsu bai fi na yatsu biyu ba, sai 'yan ƙyallaye masu mai na goge abin da ya rage. Ana murza takardar tsakanin tafin hannu har ta ɗan yi ɗumi, a raba ta biyu, a manna ta bin yadda gashin ya kwanta, a shafa da yatsa sau biyu ko uku. Daga nan a ja fatar da hannu ɗaya ta miƙe, a fizge da ɗaya hannun ta ɓangaren da ya saɓa wa kwanciyar gashin. Fizgar ita ce komai. Dole ta zama da sauri, hannu yana bin fatar a kwance. Wadda ta ja sama, ko ta ja a hankali saboda tsoro, ita ce za ta sha zafi, gashin kuma ya karye a hanya.

A leɓen sama nakan naɗe leɓen a kan haƙora don fatar ta yi tauri, in yi dama daban, hagu daban. Gefen baki da sauƙi. Wurin da ke ƙarƙashin hanci kuwa, wallahi sai hawaye ya zubo, wani lokaci har da atishawa. Amma zafin na ɗan lokaci ne, da na danna wurin da yatsa yake lafawa. In na ɗaga takardar ga haske, sai in ga gashin a jere, kowanne da ɗan ƙulli a gindinsa, alamar daga tushe ya fito. Nan nake samun sati biyu zuwa uku fuska sumul, kuma in ya dawo da laushinsa yake dawowa. Hoda ma ta fi zama. A wannan ɓangaren kuɗina bai tafi a banza ba.

A haɓa ne bai gamsar da ni ba. Gashin wurin yana da kauri, yana kuma murɗewa, kakin sanyi ba ya iya riƙe shi duka. Wasu su fita, wasu su gutsure a bakin fata, bayan 'yan kwanaki su lanƙwashe su koma ciki, ƙurji ya taso. A baƙar fata kuma ƙurji ba ya tafiya haka nan, sai ya bar tabo mai duhu da ke ɗaukar watanni kafin ya washe. Maimaita takarda a wuri ɗaya don a kama abin da ya tsere shi ne ke saɓule fata, don haka nake barin na haɓa wa matsefata, ɗaya bayan ɗaya.

Yanayinmu ma yana da hannu. Da bazara zufa ba ta barin kakin ya kama, sai an wanke fuska, an tsane ta sosai, an ɗan shafa farar hoda. Kwalin da aka ajiye kusa da taga kuwa kakinsa narkewa yake ya yi ta dalala. Da hunturu, in gefen baki ya bushe ya tsage, a haƙura har ya warke.

Duk wadda aka taɓa yi wa gyaran jiki na amarci za ta ce ai halawa ce wannan. Kusan haka ne. Halawar da muka koya daga matan Sudan da Chadi da 'yan uwanmu na Maiduguri sukari ce da lemun tsami da ruwa, ruwa kawai ke wanke ta, kuma a ganina ta fi tausaya wa fata a hannun gwana. Amma dafa ta sai wanda ya iya, in kuma ba ta huce ba ƙuna ce a fuska. Na kwalin ya fi sauƙi ga mai yi wa kanta, sai dai ruwa ba ya wanke ragowarsa, sai mai. Ƙyallayen da ke ciki kullum sukan ƙare kafin takardun, man zaitun a auduga yana maye gurbinsu.

Akwai maganar da nake so kowace mace ta ji da kunnen basira. Idan kina shafa man bilicin, musamman haɗin nan da ake zubawa a roba ba suna ba bayani, don Allah kada ki kusanci waks. Da yawansu akwai sinadarin steroid irin su clobetasol, wanda ke sirantar da fata har jijiyoyi su riƙa nunawa. A irin wannan fatar takardar ba gashi kaɗai take ɗaukowa ba, har da saman fatar. Na ga haka a fuskar wata ƙawata: wurin ya yi ja yana tsatsafo da ruwa, da ya warke kuma ya bar baƙin layi a saman leɓe da hoda ba ta rufewa. Abin takaici, shi kansa man yana cikin abubuwan da ke sa gashi ya yawaita a fuska. Haka mai shafa tretinoin don ƙurajen fuska, sai ta tambayi likitanta tukuna. Mai shan isotretinoin kuwa, wato ƙwayar maganin ƙurajen fuska masu tsanani, ana cewa ta jira wata 6 bayan ta daina.

Idan kuma gashin ya yi yawa kwatsam, yana da kauri irin na maza, ga al'ada na wasa, to ba aikin kwali ba ne. Yana iya zama PCOS, matsalar rikicewar sinadaran jikin mace (hormones) da ke samun kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa, a je asibiti a duba. Gira kuwa ba na taɓawa, saboda hanin da ya zo a hadisi a kan tsige ta. Gemu da gashin baki da suka fito wa mace daban ne, malamai irin su Imamu Nawawi sun ce cire su abin so ne.

Zan ci gaba da sayensa, don leɓen sama kawai. Mai son gwadawa ta fara manna ɗan guntu a ƙaramin wuri ta jira awa 24 ta gani, gashin kuma ya kai tsawon ƙwayar shinkafa ko kusa da haka. Da daddare ya fi, domin jan ya kwana ya sauka, kuma washegari a guji turare da sabulu mai ƙarfi da zafin rana a wurin. In biki ne a gabanki, ki yi kwana biyu ko uku kafin ranar kamu.