Hattara da masu sayar da takunkumin N95 na jabu a WhatsApp

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni dai an ci kuɗina, kada a ci naku.

Likita ya ce mahaifiyarmu na da tarin fuka, kuma mu masu jinyarta mu riƙa sa takunkumin N95, mai tace ƙwayoyin cuta daga iska, a makonnin farko na shan magani. Sai na ga wani yana tallarsa a status, wai kayan asibitin Amurka ne. Na tura kuɗi, ɗan sahu ya kawo kwali biyu. Kwalin kam ya sha ado, har da tuta. Ƙanwata mai aikin jinya tana zaro guda ɗaya ta ce, "Yaya, an yi maka sakiyar da ba ruwa."

Ta nuna mini cewa a jikin takunkumin ake dubawa, kwali kowa na iya bugawa. Hukumar NIOSH, mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka, ita ce ke tantance N95, kuma na gaskiya yana ɗauke da sunanta, da sunan kamfani, da lambar amincewa mai farawa da TC-84A. Nawa fari fat, ko harafi babu. Robarsa ma a kunne ake maƙalawa, alhali na gaskiya roba biyu gare shi masu zagaye ƙeya, su ke matse shi a fuska. Shi kuwa mutumin har "N95 na yara" yake talla, abin da NIOSH ba ta taɓa amincewa da shi ba.

Da na kira shi sai ya juya zance, wai ai KN95 ne, duk ɗaya. Ba ɗaya ba ne. KN95 ma'aunin Sin ne, ana rubuta GB2626 a jikinsa, kuma hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda aka gwada a 2020 da 2021 sun faɗi gwaji.

Ko na gaskiyar ka samu, sai ya zauna daidai. Ka lanƙwasa ƙarfen a kan karan hanci, ka rufe takunkumin da tafin hannu biyu, ka huro iska. In ta fita ta gefen kumatu ko tabarau ya yi hazo, ta nan ƙwayar cutar za ta shiga. Mu masu gemu kuwa sai haƙuri, gashi na hana shi mannewa sosai.

Washegari na tarar mai tallar ya toshe lambata. Jiya maƙwabcina ya nuna mini tallar nan dai, hotunan nan dai, da sabuwar lamba.