Kasa kaya a titin Barcelona

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Masu tambaya ko mutum zai iya fara kasa kaya a Barcelona kafin takardunsa su fito, ga yadda abin yake.

A nan ba a dasa tebur a bakin titi kamar a Sabon Gari. Shagon mai talla zane ne guda, ana ce masa manta, an ɗaure igiya a kusurwoyinsa huɗu, bakin igiyoyin duk a hannu ɗaya. A kansa ake jera takalma, jakunkuna, tabarau da rigunan ƙwallo, galibi jabu, waɗanda ake sarowa a manyan ɗakunan ajiya na Badalona, wani gari da ke maƙwabtaka da Barcelona. Ko ana tsakiyar ciniki igiyar ba ta barin hannu. Da an hango 'yan sandan birni sai a fizge ta, zanen ya tattare ya zama ƙunshi, a saɓa a kafaɗa a gangara tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa ba a ɗora mai nauyi ko mai fashewa. Wanda haɗama ta sa ya cika zanensa, shi ake fara cimma. Kuma kada a yi gigin miƙa wa ɗan sanda na goro. Wani laifin ne daban.

A cikin hukuncin wannan sana'a, ƙwace kaya da tara su ne masu sauƙi. Tun 2015 dokar Sifaniya ta tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyu ga mai tallan jabu, alhali takardar zama ta arraigo, wadda tun Mayun 2025 ake nema bayan shekara biyu a ƙasar, ba a ba mai tabon laifi. Ka ga ribar rigar Barça guda na iya cinye jiran shekaru. 'Yan Senegal, waɗanda su suka fi yawa a sana'ar, sun ga uwar bari: sun kafa ƙungiya a 2015, suka fito da tambarin tufafinsu, Top Manta, a 2017.

A kanti babu tayi, amma akwai rasit da garantin shekara uku kan sabon kaya. A kan zane ana tayi, sai dai in takalmi ya ɓare, ya ɓare ke nan. Mai saye ma ana iya cin sa tara. Tsire da ƙosai a bakin titi kuwa, a manta da su.

Mai kewar ciniki irin na gida ya nufi kasuwar Encants, wurin 'yan gwanjo masu lasisi. Tana ci Litinin, Laraba, Juma'a da Asabar. A dai sa waya a aljihun gaba.