Koren da aka shafa wa kan jirgina ba na reluwe ba ne

Sati uku ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasana na wasa ya yi a hannun mai fentin nan na Agege. Masu harkar ƙananan jirage kun san shi, ba sai na kama suna ba, kuma kun san abin da yake karɓa. Ranar da na je ɗauka, wallahi har tukwici na ƙara masa. A ƙarƙashin fitilar shagonsa abin sai ɗaukar ido yake, kore shar, layin ruwan ɗorawa ya miƙe sak, haruffan NRC, wato hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya, sun zauna daram.

Kan jirgin ɗan ma'aunin HO ne, wato an rage girman na gaske sau 87. Ƙanena ne ya aiko mini da shi daga waje, da fentin wani kamfanin jiragen Amurka. Ni kuwa abin da raina ke so shi ne kan da na tashi ina gani, mai jan taragai daga tashar Iddo ta Legas ya ratsa ta Agege ya nufi Kano. Na sani sarai akwai 'yar ƙarya a cikin shirin tun farko: tsohon dogon namu faɗinsa milimita 1,067 ne, a wannan ma'auni kamata ya yi ya zama wajen milimita 12, shi kuwa dogon HO 16.5 ne, daidai da faffaɗan layi irin na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021. Wannan na yafe wa kaina. Fenti kawai na ce a yi mini na gaskiya, na kuma tura masa hotuna har guda shida.

Da dare na kai wa Baffa, wanda ya yi ritaya daga wurin gyaran jirage na Ebute Metta. Ya sa tabarau, ya juya shi, ya sake juyawa, bai ce uffan ba har shayinsa ya huce. Can sai ya ce, "Ɗana, wannan ai koren tuta ne. Wane ne ya ce maka kanmu haka yake?" Na ce, "Haba Baffa, kore ai kore ne." Ya ce in tashi da asuba mu je bakin dogo.

Muka je. Jirgin Ijoko ya taho cike maƙil da masu sammakon aiki, ni kuma ina tsaye riƙe da nawa a tafin hannu kamar mai tallan ƙosai. Kunya ta kama ni. Koren na gaske rana ta ci shi, ruwan sama ya wanke shi, ba ya wani sheƙi. Nawa kuwa kamar sabuwar robar wanka. Saman na gaske hayaƙin gas ya maida shi baƙi ƙirin, musamman kewayen bututu, ƙasansa kuma baƙin mai ne da ƙura suka cakuɗe. Mutumin nan ya fesa mini kore tun daga rufi har akwatunan ƙafa. Ƙarafan da direba ke kamawa ya hau, a hotunan da na ba shi ruwan ɗorawa ne, shi ya haɗa su da jiki ya shafe. Baffa ya ƙara da cewa ƙaramin abu ba ya ɗaukar fenti mai kauri: kai da ke kallonsa a kan tebur tamkar kana hango na gaske ne daga nesa, nesa kuwa tana dusar da launi, don haka sai an ɗan sassauta koren an kashe masa sheƙi.

Zan faɗi gaskiya, hannunsa na da tsabta. Fenti bai zarce ta ƙarƙashin tef ba, bai toshe ramukan iska ba, gilasan ma bai ɓata su ba, injin yana tafiya lafiya lau. Har na fara cewa a raina to, a ɗauka sabon kai ne ranar da aka sauke shi daga jirgin ruwa a Apapa, kafin Legas ta taɓa shi.

Sai na juya ɗaya gefen. Babu lamba. Gefen dama ya manna, na hagu fayau, kuma layin ruwan ɗorawan hagu ya fi na dama hawa, da ka kalle shi ta goshi za ka ga ba su haɗu ba. Na tuna ashe a shago gefen dama kawai ya yi ta nuna mini.

Da na koma, cewa ya yi, "Alhaji, ai na ga na hoton ya tsufa ne, shi ya sa na gyara maka shi." Gyara fa! Hotunan ma sai da ya daɗe yana laluben waya kafin ya gano inda suke. Ya yarda zai sa lambar kyauta, amma sake koren sai na biya rabin kuɗi, wai fenti ya tashi. Na bar masa kan, yau kwana tara, kullum na kira sai ya ce bai bushe ba. Tukwicin nan shi ya fi tsaya mini a rai.